Fatun Raguna a Motar Anasara

Wari ne ya fara gaya mini. Na buɗe ƙofar motar bayan azahar don in gyara shimfiɗar kujerar baya, sai wani tururi ya bugi fuskata, irin wanda kan tashi a bayan mahauta idan rana ta take. Na ɗora hannu a kan fatar ragon da ke kujerar, gashi ya biyo tafina, da danshi a gindinsa. Na ɗaga gefenta. Wajen wuya akwai wani baƙin tabo mai maiƙo, ƙananan tsutsotsi farare suna ta motsi a cikinsa. Na saki fatar, na dubi yatsana. Inda basilla ta soke ni ranar da na ɗinka ta, wurin ya tasa, ya yi ja.

Shekarata ta farko ke nan da dawowa daga babbar lakwal, wato makarantar boko, ina buga takardu a biro, ofishin likitan dabbobi na Dakoro. Likitan anasara ne, kawuna kuma, ƙanen innata, shi ne direbansa. Kamyo, babbar motar kaya, suke shiga daji da shi. Waccan motar da na buɗe ba ta aiki ba ce. Tsohuwa ce tun kafin babban yaƙin Turawa, likitan ya tsinto ta a bayan wani kanti a Maradi, kaji na ƙwai a cikinta. Ya daɗe yana gyaranta da hannunsa, har ta tashi, baƙa wuluk, tana sheƙi. Kujerun ya sa aka rufe da jar fata da aka aiko masa daga ƙasarsu. Kawu yakan ce ai akuyarmu ce ta je Faransa ta dawo da girman kai.

A kan kujerun nan ba a wasa da shi. Rana kada ta taɓa su, gumi kada ya taɓa su. Ko shi kansa sai ya shimfiɗa tawul yake zama. Da bazara ta matso, ya ce a samo fatun raguna masu laushi a rufe su. Kawu ya kawo guda uku, ni kuma aka ce in ɗinka musu ƙyalle a ciki don kada su goge jar fatar, tunda an koya mana ɗinki a lakwal. Na ɗinka, ina ta jin wani ɗan ƙarni, na ce halin fata ne.

Na sami Kawu a gindin itacen bedi yana wanke ƙafa.

"Kawu, fatun nan ina ka samo su?"

"Mi ya faru, 'yar lakwal? Ba su yi ma madam kyau ba?"

"Don Allah ina ka samo su?"

"Wani aminina na Azagor ya ba ni. Kyauta ma. Ragunansa uku suka faɗi rana guda."

"Suka faɗi?"

"Ke, kada ki zaro mini ido. Ba mushe ba ne. Suna shure-shure aka sa musu wuƙa, da bisimilla da komai. Halal ne tsaf."

Haka ake yi a wurinmu, kowa ya sani. Dabba ta faɗi, a yi maza a yanka kafin rai ya fita, shi ke nan ta halatta, a ci nama a shanya fata. Amma ni a biron nan na wuni ina jin maganar ciwon saifa da ya ɓulla a arewa a watannin. Dabba tana kiwo da safe, kafin yamma ta kife, baƙin jini yana fita ta hanci, ba ya daskarewa. Kuma na san mutum yana ɗauka daga fata idan yana da rauni a hannu: ƙurji ya fito, tsakiyarsa ta yi baƙi, daga nan sai abin da Allah ya yi. Wuƙa da bisimilla ba sa kashe wannan.

Na ruga na kira likitan. Ya zo ya toshe hanci da hankici, ya ɗaga fatar da sanda. Da ya ji labarin ragunan, fuskarsa ta yi fari fat. Sai ya durƙusa, ya kai ido dab da kujerar.

"Ya ratsa? Tabon ya ratsa jar fatar?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

Na miƙa masa yatsana, na ce da faransanci basilla ta soke ni ina ɗinkin. Ya duba daga inda yake, bai matso ba.

"Ki tafi gidan likita yanzu, madmazel. Kawunki ya raka ki."

Ya juya ga kujerarsa. Kafin mu fita na ga an jawo fatun da ƙugiya, an zuba musu kananzir an cinna wuta. Aka kawo masa girezil, ruwan nan mai kauri da ake wanke garke da shi. Ya riƙe gwangwanin a kan jar fatar, ya kasa zubawa, don ya san zai ɓata launin. Ya tsaya, ya tsaya. Wallahi tsayuwar da ya yi wa kujerar nan ta fi kallon da ya yi wa hannuna nesa ba kusa ba. A bakin ƙofa na duƙa na amayar da furar da na sha.

Likitan mutane baƙar fata ne, dattijo, mutumin yamma, Hausarsa a karkace. Ya wanke yatsan, ya naɗe shi da ƙyalle, ya yi mini allura, ya ce in riƙa zuwa kullum.

"Abu biyu za ki duba, ɗiyata. In ya yi baƙi a tsakiya, kuma ya bar ciwo, ki zo da gudu ko ina salla. Wancan ciwon ba ya zafi, ƙaiƙayi yake."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan faɗe su ba. Ƙyamar hannuna nake yi. Na riƙa riƙe shi nesa da jikina kamar na wani. Inna ta ware mini ƙwarya, tana ba ni tuwo da ludayi, tana cewa ba ƙyama ba ce, ni kuwa na ga yadda take wanke ƙwaryar da toka har sau biyu. Agalemin fatar rago da nake salla a kai tun ina ƙarama na sa aka fitar da shi daga ɗaki. Ko'ina warin nan nake ji, a zanena, a ruwan randa, a gashin kaina. Maƙwabta suka soya nama, na kwana ina yunƙurin amai.

Kuma na koyi wata ɗabi'a. Ina farkawa sai in danna yatsan da ƙarfi a jikin gado. In zafi ya harba har kafaɗa, in ce alhamdu lillahi. Wata safiya na danna ban ji sosai ba, na fasa kuka har Inna ta yar da muciya. Ashe a kan hannun na kwana, ya mutu.

Kawu yana zuwa kowace safiya, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"'Yar lakwal, yaya hannun?"

"Yana nan."

"Shi ma mai gida bai barci. Kujerar baya ta yi dabbare-dabbare, kamar saniyar Fulani."

"Allah ya ƙara," in ji Inna daga madafa. "Kai kuma ka kawo mini wata kyautar gidan nan ka gani."

Bai yi dariya ba. Ya ce ya aika Azagor a gaya wa amininsa su bar taɓa ragowar, su zo a duba su.

Ranar kasuwa, ana kiran la'asar, likita ya kwance ƙyallen. Yatsan ya kumbura suntum, kansa ya yi ruwan ɗorawa. Ya kama ya matsa ba tare da ya gaya mini ba. Na ƙwalla ƙara har masu jira a waje suka leƙo. Mugunya ta fito, mai yawa, mai wari, abin ƙyama, shi kuwa sai dariya yake.

"Yi ihu, ɗiyata, ƙara yi! Ga zafi, ga mugunya, babu baƙi. Kuma lokacin da wancan zai nuna kansa ya wuce. Dattin basilla ne kawai. Kin tsira."

Na ce ya sake faɗa. Ya faɗa da faransanci, ya kuma faɗa da karkatacciyar Hausarsa. Na zauna a kan benci.

Kawu ya leƙo, hularsa a hannu, idanunsa jawur. Ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Can ya sassauta murya.

"Mai gida ya ce in an sallame ki, wai ko za ki ɗinka wasu. Na ƙyalle zalla wannan karon."

Na ɗaga masa yatsan, mugunya na bin gefensa.

"Ka ce masa ya zauna a kan tawul ɗinsa."