Shinkafar da Ban Kai wa Mma Memuna Ba

Ranar Kirsimetin shekarar 2013, wajen ƙarfe biyu na rana, ina tsaye a hawa na uku na gininmu a unguwar Morris Heights, can ƙasar waje, riƙe da langa mai zafi, ina hararar ƙofar Mma Memuna. Shekarata goma sha ɗaya. Dafa-duka ce a cikin langar da cinyar kaza biyu, Mama ta ɗaure ta da tawul don kada ta huce. Na leƙa sama, na leƙa ƙasa, babu kowa. Sai na buɗe ramin sharar da ke jikin bango, na juye abincin tas, na ji ya faɗa can ƙasa tim. Ko ɗar ban ji ba, daɗi ma na ji.

Mama 'yar Wusasa ce, kuma al'adar gida ta taho da ita a ka. Kowace Kirsimeti sai ta aika wa maƙwabta abinci, su ma da Sallah su aiko mana. Tun ana jibi muke shiga bas zuwa inda Musulmi ke yanka kaji, don kada wani ya karɓa yana ƙyanƙyami. Ni ke yanka albasa har idona ya yi jawur, ni ke wanke langogi, kuma in mun dawo daga coci ni ke hawa da sauka da su. Langa kuwa ba ta dawowa wayam. Wata ta saka dabino, wata magi, wata ta damƙa mini tukwici ta ce in sayi alewa.

Mma Memuna daban ce. Tsohuwa ce 'yar Zangon Kumasi, ta tare a ƙarƙashinmu a farkon shekarar nan, kuma tun da ta zo ba mu sake shan ruwa da sanyi ba. In na yi tsallen igiya, ko cokali ya faɗi, sai mu ji sandar tsintsiya tana dukan silin ɗinta kamar za ta fasa. A matakala "mai ƙafar doki" take kira na, a gaban yara. Wannan duk mai sauƙi ne. Mama tana kitso a falonmu, da shi muke ci, sai matar nan ta kai ƙara wajen mai ginin. Takarda ta zo, ko a daina ko a tashi. Dole Mama ta koma jinyar tsofaffi a gidajensu, ta fita da duhu ta dawo da duhu. Na ga ranar da ta zauna bakin gado tana kuka da takardar a hannu. Tun daga ranar na tsani Mma Memuna, tsana ta gaske, irin wadda ko tarinta na ji sai raina ya ɓaci.

Shi ya sa na zubar. Na koma na ce wa Mama matar ta karɓa, ko godiya babu. Mama ta dubi langar da babu ko ƙwayar dabino, ta ce, "To, Allah ya amfana." Da shekara ta zagayo na sake yi, wannan karon ko waige ban yi ba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Saura mako guda Kirsimetin da ta biyo baya, ni da Mama muka haɗu da Mma Memuna a shagon wanki, rigima ta tashi a kan injin busarwa. Nan ta kama ƙugu ta ce wa Mama, "Ke har kina da bakin magana? Shekara biyu kina raba abinci a building ɗin nan, kowa ya samu, ni kaɗai kika tsallake. Ba yunwa nake ji ba, amma idona ya gani." Mama juyowa kawai ta yi ta dube ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na zaci duka zan sha. Da ma dukan ne. A gida na yi ta zuba mata laifofin matar ina kuka, na ce ba ta cancanci ko ƙanzon tukunyarmu ba. Mama ta bari na gama, sannan ta ce, "Rifkatu, wa ya cancanta? Allah bai jira muka gyaru ba ya ba mu Ɗansa. Ƙauna ce ta sa, kuma har masu rufe masa ƙofa ya bai wa. Ita ce Kirsimetin, ba kaza ba. Ke aike aka ba ki, wa ya naɗa ki alƙali?"

Ranar Kirsimeti tare da Mama muka sauka. Na faɗi abin da na yi, haushi na cina. Mma Memuna ta kalle ni sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta ce uwa ta yi rowa ta ɗora wa yarinya, wannan ya fi na farkon muni. Ta turo ƙofa garam. Mama ta ajiye langar a bakin ƙofar muka hau. Washegari muka tarar da langar a tamu ƙofar, ƙullin tawul ɗin ko taɓa shi ba a yi ba. Mama ta ɗumama shinkafar, ta kawo cokali biyu, muka ci. Ta ce baɗi ma za ta aika. Kafin baɗin Mma Memuna ta koma Kumasi.

Yanzu ina zaune a ginin da ban san sunan maƙwabcina ba. Babu mai dukan silin, babu kuma langar da ke hawa da sauka. Ba zan yi ƙarya ba, har yau in na tuna tsohuwar nan sai na ja tsaki. Amma duk Kirsimeti, in na ɗaga murfin tukunya tururi ya bugi fuskata, ita nake fara tunawa, zaune a ɗakinta tana jin sawuna yana wuce ƙofarta. Sau biyu aka aiko mata da ƙauna, ni na tare hanya.