Injiniya Tanimu Bello Wara, Mai Daidaita Agogunan Bakin Kwara

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Injiniya Tanimu Bello a shekarar 1959 a tsohon garin Wara da ke bakin kogin Kwara, a ƙasar Yawuri. Mahaifinsa, Malam Bello Sani, masassaƙin jiragen ruwa ne, mahaifiyarsa kuwa, Indo, ta shahara da sana'ar bandar kifi. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Yana da shekara tara ruwan madatsar Kainji ya cika, iyayensa suka tashi da shi tare da sauran jama'a zuwa sabon garin Wara, inda ya ƙarasa ƙuruciyarsa.

Karatunsa

Ya fara da karatun Alƙur'ani a wurin kawunsa, sannan ya shiga firamare a 1966. Ya yi sakandare a Yelwa daga 1973 zuwa 1978, inda malamai suka shaide shi da hazaƙa a lissafi da kuma ɗabi'ar kwance duk wata rediyo da ta shigo hannunsa. Daga nan ya wuce kwalejin fasaha a Birnin Kebbi, ya sami babbar difloma a fannin lantarki a 1983. A lokacin bautar ƙasa a Jos ne ya fara taɓa kwamfuta, kuma a can ya koya wa kansa rubuta manhaja daga wani littafi da aka ara masa.

Aikinsa da aurensa

A 1985 wata hukuma mai lura da hawa da saukar ruwan kogi ta ɗauke shi aiki, ta ajiye shi a Yelwa. A shekarar da ta biyo baya ya auri Malama Laraba, 'yar Birnin Yawuri, malamar Turanci a makarantar 'yan mata. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agusta na 1991, an ɗora masa alhakin tashoshin awon ruwa guda uku: ta Shanga a sama, ta Yelwa a tsakiya, da ta Wara a bakin tafkin Kainji. A 1993 aka saka kwamfuta a kowace tasha, tana rubuta tsayin ruwa tare da lokacin da aka auna, tana aikowa Yelwa ta rediyon oba-oba sau biyu a rana. Da waɗannan alƙaluma ake lissafa saurin ruwa, a sanar da manoman shinkafa ranar da zai iso fadamunsu.

Jarrabawar 1994

A watan Satumba na 1994 kogi ya kawo ruwa mai yawa. Injiniya Tanimu ya kwatanta lokacin da ruwan ya wuce Shanga da lokacin da ya iso Yelwa, lissafi ya nuna yana tafiya a hankali, ya aika wa manoman ƙasar Ngaski cewa suna da kwana uku su yanke shinkafarsu. Ruwan ya iso a kwana ɗaya da rabi, ya shanye gonaki a tungaye, wato ƙananan ƙauyukan bakin ruwa, goma sha ɗaya.

Bayan kwana biyu, Jacob Tamada, ma'aikacin tashar Shanga kuma abokinsa tun sakandare, ya zo Yelwa da littafinsa na hannu, ya buɗe a gabansa ya ce, "Tanimu, duba nan. Ƙarfe huɗu na yamma na ga ruwan ga ya taɓa jan layin ma'auni da idona. Injinka ya rubuta bakwai na safe."

Batirin agogon kwamfutar Shanga ne ya yi sanyi, agogon ya koma baya da awa tara ba wanda ya lura. Injiniya Tanimu ya tafi Wara da kansa, ya bi tungayen ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. A gida mahaifiyarsa ta shaida masa cewa mutane sun ce sun bar sauraron sanarwar ofishinsa.

Ya ce, "Inna, suna da gaskiya. Ba zan sake buɗe baki a kan ruwa ba sai agogunan nan uku sun zama baki ɗaya."

Rubuta manhajar Daidaito

A wancan zamani akwai manhajojin da ke daidaita agogon kwamfutoci ta hanyar sadarwa, amma an tsara su ne domin injunan da ke haɗe da juna ba yankewa, a wuraren da wuta ba ta ɗaukewa. Tashoshinsa kuwa minti goma kacal suke haɗuwa, sau biyu a rana. Daga 1995 zuwa 1997 ya duƙufa a kan rubuta tasa, wadda ya raɗa wa suna Daidaito.

Aikinta shi ne, duk lokacin da tasha ta haɗu da Yelwa, ta tambayi babban agogo ƙarfe nawa, ta auna daƙiƙun da saƙon ya ɗauka zuwa da dawowa, ta cire jinkirin hanya. Abin da ya bambanta ta shi ne tana nazarin halin kowane agogo: nawa yake gudu ko jinkiri a rana, da yadda zafin bazara ke sauya shi, sai ta riƙa gyara shi kaɗan-kaɗan a tsakanin haɗuwa. In kuma kuskuren ya wuce hankali, ta ƙi karɓar awon, ta yi ƙara. Jacob Tamada ya shafe wata goma sha huɗu yana gwada ta a Shanga, yana rubuta kowane saɓani a littafinsa.

A watan Yuni na 1997, da ya sami hanyar aika imel ta wata jami'a, ya saki asalin rubutun manhajar a buɗe, bisa sharaɗin kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, amma kada ya rufe wa na baya. Malama Laraba ce ta rubuta littafin jagorar amfani da ita, da Turanci da Hausa. Da wani abokin aiki ya tambaye shi dalilin raba wahalar shekara biyu kyauta, ya ce, "Idanu biyu gare ni, kuma sun taɓa cin amanata. Ina son dubu su duba."

Nasarar 1999

A damanar 1999 kogi ya sake cika. A ranar 14 ga Satumba tashoshin uku suka aiko da awonsu, saɓanin agogunansu bai kai daƙiƙa ɗaya ba, lissafi kuma ya nuna ruwan zai isa fadamun Ngaski cikin awa arba'in. Sanin cewa takarda ba za ta wadatar ba, Injiniya Tanimu ya shiga jirgin inji ya bi tungayen da kansa. Wani dattijo mai suna Sani, wanda ya yi hasarar gonarsa a 1994, ya tare shi a bakin ruwa ya ce, "In muka yanke shinkafar da sauran nuna, ruwan bai zo ba hwa?"

Ya amsa, "Baba, a nan zan zauna. In bai zo ba, ga ni a hannunku."

Ya karɓi lauje ya shiga layin masu yanka. Maza da mata, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, suka yi gayya ta wuni biyu, aka kwashe shinkafa zuwa tudu. Ruwan ya iso a awa ta arba'in da ɗaya, ya tarar da kututture. Bayan kaka mutanen tungayen suka shirya walima a Wara, aka yi tseren jirage, aka ci tuwon sabuwar shinkafa da miyar giwan ruwa, kuma a nan ne Dattijo Sani ya laƙaba masa sunan Mai Daƙiƙa, wanda ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun rainon manhaja

Daga 2000 wasiƙu suka fara zuwa daga wuraren da bai taɓa tsammani ba: tashoshin lura da yanayi a hamada, makarantun ƙauye, da ƙananan asibitoci a ƙasashe masu nisa. Ya keɓe safiyar kowace Asabar domin amsa su, ba ya raina tambaya, kuma duk wanda ya aiko da gyara, ko na harafi ɗaya ne, sai ya rubuta sunansa a jerin masu hidima. A 2003 ya sauke farali.

A farkon 2006 wata ma'aikaciyar asibiti a wani tsibiri na tekun Pasifik ta sanar da shi cewa Daidaito ta rikice sakamakon daƙiƙa guda da masu kula da lokacin duniya suka ƙara a ƙarshen shekara. Ya bincika ya tarar kuskuren nasa ne, ya rubuta wa dukkan masu amfani da manhajar yana bayyana haka da sunansa, ya fitar da gyara cikin kwana huɗu. Matar ta aiko masa da hoton ma'aikatan asibitin suna riƙe da agogon bango suna dariya, ya rataye shi a zaurensa.

Ya yi ritaya a 2008. A shekarar ce ya miƙa ragamar manhajar ga kwamitin mutum biyar daga ƙasashe huɗu, ciki har da babbar 'yarsa Yasira, wadda ta riga ta zama injiniya. Ya koma Wara ya kafa lambun mangwaro.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar Alhamis, 11 ga Maris 2010, a Wara, bayan gajeruwar jinya, yana da shekara hamsin da ɗaya. An sa jana'izarsa ƙarfe biyu da rabi na rana, amma da lokacin ya yi sai aka hango jiragen mutanen tungaye cike da jama'a a tsakiyar tafki, liman ya ce a dakata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran daƙiƙa, sai da ya jira minti arba'in kafin a sallace shi. An binne shi a maƙabartar garin, Jacob Tamada na cikin waɗanda suka raka shi.

Ya bar matarsa Hajiya Laraba da 'ya'ya biyar: Injiniya Yasira, Mubarak, Zulai'atu, Aminu da Hajara, da jikoki uku. Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa hidimarsa ta zame masa sadaka mai gudana.