Matakala Goma Sha Tara da Ɗan Kawuna Ya Gina

Ɗan kawuna magini ne. Mai Igiya muke ce masa, don ko kwanciya zai yi sai ya ja igiya ya duba ko gadon ya miƙe. Ni a aji huɗu na bar makaranta, shi ya kai shida, kuma shekara talatin ke nan yana min gorin ajin nan biyu. To ga abin da mai ilimin ya aikata, kuma raina a ɓace nake rubutawa.

A bakin koginmu akwai hanyoyin ƙafa. Ɗaya ta bi ruwa har gada, ɗaya ta ratsa bishiyoyi ta ɓulla bayan asibiti, wata ta kai kasuwa. Da la'asar duk unguwa can take. Miji da mata da suka kwana uku ba sa magana, a can suke shiryawa, don hanyar ba ta da faɗin da za a yi gaba a kanta. Kawu kuwa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye shekara shida da suka wuce, hanyar nan ce duniyarsa. Kullum Mai Igiya zai tura shi a keken guragu, su bi gangaren ƙarshen layinmu, har benci inda abokansa biyu ke jira, Tsohon Direba da Mai Agogo. Su zauna su yi ta musu a kan abin da ya faru kafin a haifi kogin.

Ruwan sama ya cinye gangaren, sai ofishin kula da hanyoyi ya ba Mai Igiya aikin gyara. Suka miƙo masa zane, zanen ya ce matakala. Mutumin da hannunsa ya yi kanta da turin keke ya karɓa har da godiya! Sati biyu yana zuba siminti yana shafa shi kamar kan jariri, yana ce wa Kawu, "Baba, ka yi haƙuri, an kusa."

Ranar da ya gama ya yi wa tsoho wanka, ya sa masa hula, ya turo shi yana fito. Ina biye da su. Suka iso bakin gangaren, keke ya tsaya. Matakala goma sha tara, kowace a miƙe sambal.

Kawu ya daɗe yana kallo. Maganarsa da kyar take fita, amma ta fita.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ya yi kyau."

Wallahi gara a ce ya mare shi. Na ce, "Kai, ƙaton banza, da kake ta aune-aunenka ba ka auna ubanka ba?"

"Rufe min baki! Abin da takarda ta ce na yi."

"Takardar ce ta haife ka?"

Ya durƙusa ya ce zai goya tsohon. Kawu ya ce, "Ni ba buhun siminti ba ne. Mai da ni gida." Wata mashigar tana can gada, tafiyar awa guda a gefen manyan motoci. Kawu ya koma ɗaki ya juya fuska bango. Abinci ma sai an yi ta lallashi yake cin loma biyu.

Mai Igiya ya je ofis. Injiniya ya ce, "Zane ya ce matakala. Ka rubuto takarda." Ya rubuta uku, da kyakkyawan rubutunsa. Ta ukun aka ce masa idan ya kuskura ya taɓa aikin, kada ya ƙara sa ran wani daga wurinsu. Su fa mutanen nan ko sau ɗaya ba su taɓa taka hanyar ba, daga mota suke leƙen kogi kamar zai cije su. Ba Kawu kaɗai aka tare ba. Mai kurar ruwa ya daina sauka, haka matar da ke tura tagwayenta.

A kwana na arba'in da gama matakalar, da hantsi, kowa na gani, Mai Igiya ya ɗauko guduma ya hau rabin matakalarsa da duka. Yana fasawa yana hawaye, wai ƙura ce. Ni na riƙe masa lema, ina zaginsa don ya ji ƙarfin aiki. Kwana biyar ya zuba gangare mai sauƙi, wanda ko ƙwai ka ajiye a hankali zai sauka. Ofis suka cika alkawari, suka soke sunansa.

Muka gangara da Kawu. A benci Tsohon Direba ne shi kaɗai. Mai Agogo ya rasu tun sati biyu, an ɓoye wa Kawu don ba ya cin abinci.

Direba ya ce, "Kullum sai ya tambaya ko ka sauko."

Kawu ya nuna gefen bencin da babu kowa, Mai Igiya ya gyara keken ya tsayar a wurin. Ya tsaya yana murza hannu, yana jiran ko zagi ne a yi masa.

Kawu ya ce, "Jeka. Ka dawo kafin rana ta faɗi."

Muka hauro tare. Ni dai ban yi masa magana ba, kuma har yau ban huce ba.