Perepetwa Nabatanzi, Mai Maɗaba'ar Titin Nasser

Haihuwa da karatu

An haifi Perepetwa Nabatanzi a shekarar 1956 a garin Mityana na ƙasar Yuganda. Mahaifinta, Yozefu Ssemakula, manomin kofi ne, mahaifiyarta kuwa, Tereza Nakkazi, tela ce. Bayan ta kammala sakandare, ta shiga wata kwalejin zane a Kampala a 1976, inda ta karanci tsara littafi da takardun talla.

A shekararta ta ƙarshe mahaifinta ya sayar da wani yanki na gonarsa domin a buga aikin jarrabawarta, a lokacin da takarda ta yi matuƙar wuya a ƙasar. Ta bayar aka buga duka ba tare da gwaji ba, launukan suka fito a dagule, kuma babu halin sakewa. Ta bar kwalejin a 1979 ba tare da takardar shaida ba.

Aiki da aure

A 1981 ta sami aikin wanke inji a wata maɗaba'a, ta yi shekara goma sha biyu tana koyon haɗa tawada da yankan takarda. Ta auri Lawrensi Ssentongo, direban bas, a 1984, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1992. Shekara guda bayan haka ta sayi tsohon inji, ta buɗe shagonta a titin Nasser da ke Kampala.

Hulɗarta da ɗalibai

A nan ne ɗaliban zane suka santa. Ba ta karɓar aiki sai an buga shafi ɗaya na gwaji, an fita da shi rana an duba, kuma takan tilasta a bar fili a gefe saboda wuƙar yanka. Takan haɗa ɗalibai biyar su sayi takarda a dunƙule, ta kuma koya musu zuwa wurin masu shaguna da samfuri a hannu, su yi musu talla a bayan bangon littafi, masu shagunan kuma su biya kuɗin ɗab'i.

An ruwaito cewa wani ɗalibi ya taɓa ce mata, "Maama, gobe zan miƙa, ki buga kawai."

Ta ce, "Ɗana, gaggawarka ba ta shafi injina ba. Wannan jan da kake gani a kwamfuta, a takarda miyar wake zai koma. Zauna."

Ƙarshen rayuwa

Daga 2011 ganinta ya fara raguwa, har ta kasa bambance shuɗi da kore. Ta ɓoye lamarin wata takwas, sai da ta lalata aikin wata ɗaliba mai suna Akello, wadda ta maimaita shekara a dalilin haka. A makon ne ta rufe shagon. Da 'yarta ta roƙe ta ta ɗauki ma'aikaci ta ci gaba, sai ta ce, "Na san abin da na yi wa yarinyar nan. Ku sayar da injin." Ta koma Mityana, ba ta sake taka titin Nasser ba.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Yuni, 2019, tana da shekara sittin da uku, aka binne ta a gonar ayabar dangin mijinta. Tsofaffin ɗalibai huɗu ne suka halarci jana'izar, Akello na cikinsu. Ta bar 'ya'ya uku: Kabugo, makaniki a Jinja, Nakabugo, ungozoma a Mityana, da Ssekitoleko, wanda ya tafi neman aiki ƙasar waje, labarin bai same shi ba sai bayan wata biyu.