Man shanu a kan akwatin Yaya

A gidanmu na Inugu, bayan kasuwar Ogbete, abin da ya fi ba ni kunya shi ne yayana. Ba sata yake yi ba, jita yake kaɗa wa wata ƙungiyar mawaƙa a otal. Baba mahauci ne, mahauta kuwa kalangu ake kaɗa musu, ba su suke kaɗa wa kowa ba. Don haka in an tambaya, sai mu ce gyaran rediyo yake yi.

Yana da wani akwati da yake jona wa jitar don ƙara sauti. A bayansa akwai 'yan kwalabe masu yin ja in sun ɗauki wuta. Kullum sai ya dame ni da bayani.

"Ke, na otal manyan kwalabensa biyu ne, karɓa-karɓa suke yi, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Nawa kuwa babbar kwalbarsa guda ce tal. Ko yana kuka ko yana shiru, wuta ɗaya yake ci."

Ni dai sai in murguɗa baki in wuce.

Shekarar da aka sami mulkin kai, wani mai albasa daga Anacha ya fito neman aurena, ni ma ina sonsa ƙwarai. Wata Asabar da hantsi aka ce ga gwaggonsa ta iso ganin gida. Yaya ya fita sayen tsirkiyar jita, ya bar akwatin a ɗakin Inna, inda soket ɗinmu ɗaya yake. Na cusa jitar ƙarƙashin gado, na juya fuskar akwatin bango, na lulluɓe shi da sabon zanena. Na kasa kunne, tsit. Ban ko kalli soket ɗin ba.

Gwaggo ta zauna, aka yi ta gaisuwa har da tambayar kaji. Ta ɗora ƙwaryar man shanun da ta kawo tsaraba a kan teburina na ƙarya. Ana cikin hira ta fara buɗa hanci.

"Wani abu na ƙauri a ɗakin nan."

Kafin in motsa ta ɗauki ƙwaryarta, mai ya zama ruwa yana bin hannunta. Ta yaye zanen, ga kwalabe jawur. Daidai nan Yaya ya yi sallama.

Gwaggo ta ce, "Wannan fa? Gidan makaɗa muka zo?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Na wani ne, gyara ya kawo. Mu babu makaɗi a gidan nan."

Yaya ya dube ni, ya durƙusa. "Haka ne, Gwaggo. Yanzu ma zan mayar masa."

Ya zare waya, ya sa hannu ta baya ya sunkuci akwatin da zafinsa. Na ga fuskarsa ta motsa, ya fita da shi. Ban bi shi ba. Na zauna ina goge wa Gwaggo hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage.

An yi auren. Ranar wuni aka kira masu kalangu, Gwaggo ta shiga fili ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, tana manna wa makaɗa kuɗi a goshi. Ta ƙarƙashin mayafi na hango Yaya yana jera wa baƙi benci. Tafin hannunsa na dama ya warke, amma tabon kwalbar yana nan.