Tsinken Tsintsiya a Dasashina

Satar naman ba ta dame ni ba. Duk yaron garin Ɗanzomo da ya san inda uwarsa ke ajiye soyayyen naman layya ya san hanyar ƙarƙashin gado. Tsafta ce ta kashe ni. Bayan na haɗiye abin da na ɗebo daga kwallar Umma, sai na tuna ita ba ta yi wa ɓarawo tambaya, baki take cewa a buɗe. Na zari tsinke daga tsintsiyar da aka gama share kashin kaji da ita, na shiga sakace. Ina cikin aiki na ji takunta. Na zabura, tsinken ya karye tsakanin haƙorana na can ciki, rabi a hannuna, rabi ya yi hijira cikin dasashi.

Ba a jima ba kuncina ya koma kamar na ɓoye goruba, haƙorin kuma yana bugawa kamar an ɗauko matan unguwa suna daka a ciki. Nan take gidanmu ya cika da likitoci. Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ba ta iya zura zare a allura sai an taya ta, ta leƙa bakina ta ce, "Tsutsa ce, maigidana. Ga wutsiyarta can ina gani."

"Kaka, haƙori nawa ya rage miki da za ki ba da fatawa?"

"Nawa sun gama aiki sun huta. Naka kuwa tun ba ka biya sadakina ba sun fara gudu. Ni dai ba na zama da miji mai giɓi."

Ta cusa mini kanumfari, ta bi da tafarnuwa, ta lulluɓe ni da zane ta yi mini turaren wani haki don tsutsar ta fito. Tsutsa ba ta fito ba, amma sauron ɗakin duk sun yi ƙaura.

Sai ga Kawu, ƙanin Umma, dillalin awaki a kasuwar Maigatari. Ya kama haɓata ya ɗaga leɓena yadda yake duba shekarun akuya.

"Cirewa za a yi. Akwai mutumina a bayan kara, inda ake sayar da dabbobi, awartaki gare shi mai kyau. Kafin ka ce wayyo ya miƙo maka abinka a takarda. Ranar kasuwa ka shirya."

"Kawu, yana allurar kashe zafi?"

"Yana da ƙarti masu riƙewa."

To ni kaɗai a gidan na san haƙorin nan bai yi laifin komai ba. In na yi shiru, awartaki ya tafi da shi. In na yi magana, Umma ta san inda namanta ke zuwa, ta kuma wanke kyanwar maƙwabta da muka daɗe muna zagi tare. Sai dabara ta zo mini: ai likitan asibiti yana riƙe sirrin mara lafiya, haka aka koya mana a makaranta. Na yi ta birgima ina kiran sunan asibitin Gumel har Umma ta yarda, don ita ma ban da akuya ba abin da take yarda ta damƙa wa ƙaninta.

Abin da malaminmu bai faɗa ba shi ne uwar mutum tana shiga ɗakin tare da shi, ta tsaya a kansa riƙe da jaka.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta haska fitila, ta ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, babu rami ko ɗaya. Ba kowane ciwon haƙori ne ruɓewa ba. Wani dasashi ne ke kumbura, wani tsagewa ce, wani ma mura ce ke sauko masa. Wannan dai akwai abin da ya maƙale."

Na yi mata ƙifce da ido iya ƙarfina. Ta ce in daina motsi. Ta sa hantsaki ta jawo, na ga taurari da rana tsaka, sannan ta ɗaga abin sama kamar ta ci kofi.

"Samari, tsintsiya kake ci?"

"Iska ce ta hura mini."

"Iskar ce ta haɗo da zaren nama?"

Umma ta matso ta duba da kyau. Muryarta a sanyaye ta ce, "Bar shi, likita. Na gane naman. Ni na soya shi."

Aka wanke wurin, aka ba ni magani, aka ce in riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, in kuma bar tsintsiya ta yi aikin da aka yi ta dominsa. A motar komawa Umma sai fira take da matar da ke kusa da ita kan yadda yaran yanzu ke da hazaƙa.

Kumburin ya sace, haƙorin yana nan a bakina har yau. Kwallar kuwa aka mayar da ita ɗakin Kaka, aka cinye sauran naman ba da ni ba.