Sakiusa, Taubashina Mai Tambayar Dutse

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, labari ya iske ni a gonar rogo cewa Sakiusa ya rasu. Na ajiye adda na zauna a ƙasa. Ɗan kawuna, taubashina, ka tafi kuma ban ci ka a gardama ko sau ɗaya ba. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Duk tsibirin Kadavu an san ka da abu biyu. Na farko hannunka a buɗe yake. Ba ka taɓa dawowa daga teku ka wuce ƙofar gwauruwa da kifi a hannu ba, kuma rabin yaran ƙauyen nan a gindin mangwaronka suka koyi lissafi. Na biyu kuwa bakinka, wanda ba ya shiru.

Da an zauna shan yangona, jiƙon saiwar da muke sha a hira, ƙoƙon kwakwa ya fara zagayawa, sai ka dube ni, ni da nake wa'azi ranar Lahadi, ka ce, "Kai mai wa'azin kunkuru, Allah zai iya halittar dutsen da shi kansa ba zai iya ɗagawa ba?" In na ce zai iya, ka ce ashe akwai abin da ya gagare shi. In na ce ba zai iya ba, ka tafa hannu ka ce magana ta ƙare. Nakan ce, "Ɗan banza, kai da ko buhun rogo ba ka ɗagawa!" Ka yi dariya har da tari.

Dattawan coci dai ba su taɓa ɗaukar abin wasa ba. Ranar da ka rasu suka yanke cewa ba za a buga maka gangar coci ba, gawarka ma ba za ta shiga ciki ba. Matarka Lavenia, wadda ta tsufa tana share cocin nan, ta riƙe hannuna ta ce, "Isikeli, kada a binne mini miji kamar baƙo."

Na ɗauko tambuwa, haƙorin babban kifin tekun nan da kakanmu ya bar mana, na je gaban shugaban dattawa, tsoho Apenisa. Na durƙusa a kan tabarmarsa na miƙa, don a al'adarmu wanda ya karɓi tambuwa ba ya ƙin buƙatar mai kawowa. Shi kuwa ya zaci gaisuwar mutuwa na kawo, ya karɓa, ya tafa, ya sa albarka, tun ban faɗi buƙatata ba. Da na faɗa, ya dubi abin da ke hannunsa ya daɗe.

"Ɗana, ka cuce ni," ya ce. "Ba wanda ya isa ya tilasta ni a ƙauyen nan. Amma na riga na karɓa, ba zan iya cewa a'a ba."

Sakiusa, a kan tabarmar nan na ga abin da na kasa gaya maka shekara da shekaru. Ikon tsohon bai ragu ba, shi ya ɗaure kansa da hannunsa. Haka Ubangiji ya yi alkawarin jinƙai, kuma ba zai iya karya shi ba. Na san da kana nan da ka ce wannan ba amsa ba ce, zamiya ce. To, ba ka nan, sai ka yi haƙuri.

Aka buga ganga. Da mai bugu ya tsaya, Lavenia ta aika masa daga bakin ƙofa, tana share hawaye: "A ƙara bugawa da ƙarfi. Mijina bai taɓa jin kiran coci da wuri ba." Aka yi ta dariya ana kuka, muka ɗauke ka muka shiga da kai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa kifin da ka raba ya tsaya maka shaida. Lavenia, da 'ya'yanku Timoci da Salote, da dangi baki ɗaya, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma a yi mini gaisuwa, don ranar Lahadi zan yi wa'azi ba mai ƙaryata ni.